Mu Da Su: Tarihin Zaman Tare a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Wata rana da damina, muna zaune a tsakar gidan da muka samu mafaka a Ƙauran Namoda bayan mun baro ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, sai ƙanena mai shekara tara ya dubi kakarmu ya ce, "Kaka, wai mu Hausawa ne ko Fulani?" Tsohuwa ta ajiye faifan da ke hannunta ta yi shiru. A fuskarta akwai askar Gobir, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Mijinta, wato kakanmu, Bafillace ne daga Alibawa, amma har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya yi Fillanci ba. Mahaifiyarmu kuwa Bazamfara ce gaba da baya. Can sai ta ce, "Ɗan nan, sa'ad da munka tashi, in anka tambayi mutum, garinsu aka tambaya da sana'atai. Mu mutanen Zurmi na."

Yaron bai gamsu ba, domin a makarantar allon da yake zuwa an riga an nuna masa cewa mutane iri biyu ne a duniya, waɗanda suka kore mu da waɗanda aka kora. Tambayarsa ce ta sa na waiwayi tarihi, tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa shi ne yadda mutanen arewacin Zamfara suka riƙa fahimtar kalmar "mu" da kalmar "su" a tsawon shekaru kusan ɗari uku, da abin da ya haɗa su, da abin da ya raba su, da kuma dalilin da ya sa sunaye masu yawa da kakanninmu suka amsa suka ƙanƙance a yau suka koma biyu rak.

Ƙasar da ta tara jama'a

Koguna biyu ne suka tsara rayuwar wannan yanki. Gagare ya ratsa ta Ƙauran Namoda ya gangara ta ƙasar Shinkafi, Bunsuru kuma ya bi ta ƙasar Zurmi, daga bisani ruwansu ya haɗu ya shiga gulbin Rima. Inda duk aka samu fadama mai laima da daji mai ciyawa a kusa da juna, manomi da makiyayi za su haɗu, mafarauci da masunci su biyo baya, sannan maƙeri da majemi da falke su zo neman ciniki. Saboda haka tun fil azal ƙasar ba ta taɓa zama ta jinsi ɗaya ba.

Riwayoyin gargajiya sun nuna cewa a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, Zamfarawa suka fara kafa sarautarsu, kafin su gina Birnin Zamfara a wajen Isa. Bajamushen nan Kurt Krieger ya tattara waɗannan riwayoyi a littafinsa na tarihin Zamfara na 1959, Dokta Garba Nadama kuma ya zurfafa bincike a kansu a kundin digirinsa na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello. Abin lura shi ne, a wancan zamani manomin Dutsi yana kiran kansa Bazamfare, na Alƙalawa Bagobiri, na gabas Bakatsine. Harshensu ɗaya, amma kowa da sarkinsa da askarsa da kirarinsa, kuma sun sha gwabza yaƙi da juna. Ban da su akwai Burmawa, waɗanda ke danganta asalinsu da Barno, har yau kuma sarkin Moriki Sarkin Burmi ake ce masa. Akwai Buzaye masu saukowa daga Azbin da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino. Akwai kuma Fulani, waɗanda su ma ba dunƙule suke ba: kowace zuriya da arɗonta, Alibawa daban, Sulluɓawa daban, Toronkawa daban.

Ke nan mutum guda yana iya amsa suna huɗu ko biyar a rana ɗaya. A kasuwa shi mahauci ne, a masallaci Musulmi, a fada talakan sarki wane, a wurin biki ɗan dangin wane, idan ya yi tafiya kuma mutumin gari kaza. Wanda ya fi ƙarfi a cikin sunayen nan ya danganta da wurin da yake da kuma abin da ake magana a kai.

Baƙon da ya zama mai gida

Babban sauyi na farko ya zo ne a ƙarni na 18, lokacin da Gobirawa suka riƙa gangarowa daga arewa suna neman ƙasar noma. Zamfarawa suka karɓe su hannu bibbiyu. Riwaya ta ce an ba su gonakin alƙalin Zamfara su zauna, daga nan ne ma sunan Alƙalawa ya samo asali, kuma an ƙulla auratayya tsakanin gidan Sarkin Gobir Babari da na Sarkin Zamfara. Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. Da baƙi suka yi yawa suka yi ƙarfi, sai Babari ya juya wa masu masaukinsa, a farkon shekarun 1760 ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Sarkin Zamfara ya gudu Kiyawa, kusa da inda Ƙauran Namoda take a yau, gidan sarautar kuma ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari har ya tabbata a Anka.

Wannan labari yana da muhimmanci ga mai son fahimtar yau. Gaba mafi zafi da wannan yanki ya sani kafin jihadi tsakanin Bazamfare da Bagobiri take, mutane biyu da a yau ake haɗa su a kira su Hausawa. A kan gona da fadama da haraji aka yi ta. Kiyawa kanta ta zama fagen fama tsakanin Gobir da Katsina, har Sarkin Gobir Yakuba ya rasa ransa a yaƙinta. Amma duk da jinin da aka zubar, talakawan Gobir da na Zamfara sun ci gaba da zama ƙauye ɗaya, suna aurar juna, har aka wayi gari a yau a ƙasar Shinkafi da wuya ka samu gidan Bazamfare da babu jinin Gobir a cikinsa. Gabar da a wancan lokaci ake ganin ba ta da magani ta dusashe, abin da ya rage daga cikinta sai zolaya.

Jihadi: ƙawance da ɓaraka

A wajen 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo ƙasar Zamfara ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi. Ya samu mutanen da aka ci da yaƙi, masu jin zafin mulkin Gobir, don haka suka saurare shi. A taron Magami, wajen 1788, cikin buƙatun da ya gabatar wa Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo akwai sakin fursunoni, kuma cikin waɗanda aka saka akwai Abarshi na gidan sarautar Zamfara. A nan aka samu wani sabon suna da ya ratsa tsofaffin iyakoki, wato Jama'a. Cikin Jama'ar Shehu akwai Fulani da Hausawa da Buzaye, kamar yadda a rundunar Sarkin Gobir Yunfa ma aka samu Fulani da Buzaye. Duk wanda ya ce jihadin 1804 yaƙin ƙabila biyu ne, bai dubi sahun mayaƙan da kyau ba.

Bayan wahalar da Jama'a ta sha a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, sai ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin 1805, inda take da masoya. Amma yunwa ba ta san aboki ba. Mayaƙa suka shiga kwasar hatsin garuruwan da suka ba su masauki, kafin shekara ta zagayo Zamfarawa da yawa sun juya baya sun haɗa kai da Gobirawan da suka rusa musu birni. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya koka da halin wasu mayaƙan a littafinsa Tazyinul Waraƙati, har ya bar rundunar na wani lokaci ya nufi Kano. Wa'azin shekara biyar ya ƙulla amana, kwasar rumbu ta 'yan watanni ta warware ta.

A wannan hali ne Alibawan Zurmi suka yi fice. A 1806 Muhammadu Namoda ya karya rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Buzaye da magoya bayansu a Fafara, kusa da Zurmi. Yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, sannan ya rasu a wajen 1810 yana yaƙin Kiyawa. Garin da ke ɗauke da sunansa, wasu na rubuta shi Ƙauran Namoda, wasu Ƙaurar Namoda. Ko sarautar yaƙi ake nufi ko tashi daga wani wuri zuwa wani, duka biyun sun dace da tarihin wurin.

Abin da sarautu ke faɗa

Idan mutum ya natsu ya saurari sunayen sarautun yankin, zai ji tarihi yana magana. Sarkin Zurmi, wanda ya fito daga zuriyar Abu Hamidu na Alibawa, Sarkin Zamfara ake kiransa, daidai da sarkin Anka na tsohon gidan Zamfarawa. Sarkin Ƙauran Namoda, ɗan dangin Namoda, Sarkin Kiyawa ne, wato ya ɗauki sunan garin da kakansa ya mutu yana yaƙa. A Isa, wadda Shinkafi ta daɗe a haɗe da ita kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara, jikokin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke amsa Sarkin Gobir, alhali a Sabon Birni tsohon gidan Gobir na amsa wannan suna. Waɗanda suka ci yaƙi ba su shafe sunan waɗanda suka ci ba. Sun shiga rigarsa ne, domin sun fahimci cewa sarauta ta ƙasa ce da mutanen da ke kanta.

Siyasar Muhammadu Bello ta ribaɗi ta ƙara wannan cuɗanya. Ya kafa garuruwan tsaro a kan iyaka, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna cikin ganuwa, su yi karatu, su koyi noma da sana'a. Waɗanda suka zauna suka auri matan gari, 'ya'yansu suka tashi da harshen uwayensu, bayan ƙarni ɗaya Fillanci ya ɓace daga gidaje da yawa. Daga nan aka samu Fulanin gida da Fulanin daji. Tazarar da ke tsakanin basaraken Zurmi da makiyayin ruga ta fi wadda ke tsakanin basaraken da maƙwabcinsa Bazamfare nisa, domin shi makiyayin talaka ne mai biyan jangali, kamar yadda manomi ke biyan kuɗin ƙasa.

Kada a ɗauka ƙarni na 19 zamanin kwanciyar hankali ne. Garuruwan Zamfara sun yi ta tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa sun kafa Tsibiri, suka ci gaba da kawo hari tare da Katsinawan Maraɗi. An kama bayi, an ƙone garuruwa. Bature Clapperton, da ya bi ta Zurmi a 1824, ya ji ana ambatonta da cewa mafaka ce ta bayin da suka tsere daga sassa daban-daban na ƙasar Hausa. Heinrich Barth kuma, da ya ratsa Zurmi da Badarawa a 1853, ya tarar da ƙasar a rarrabe, wannan gari na biyayya ga Sakkwato, maƙwabcinsa na tare da Gobir, amma kasuwa na ci. Waɗannan shaidu biyu sun nuna wuri ne da baƙo ke shigowa ya zama ɗan gari, kuma wurin da biyayya ke bin tsaro da maslaha fiye da yadda take bin jini.

Igiyoyin da suka ɗaure jama'a

To, me ya riƙe mutane tare duk da yaƙe-yaƙen sarakuna? Na farko shi ne buƙata. Idan kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, manomi da kansa ke zuwa ruga ya roƙi Bafillace ya kafa mashekari a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, manomi ya ƙara da damin gero. Matan Fulani su kawo nono da man shanu cikin gari, su koma da hatsi da gishiri da daddawa. Mai kuɗin gari idan ya sayi saniya, ruga yake kai ta kiwon amana, ba takarda ba shaida. Maƙeri na ƙera wa manomi fartanya, ya ƙera wa makiyayi gatari. Kowa na riƙe da wani abu da ɗan'uwansa ba zai rayu ba sai da shi.

Na biyu kasuwa ce. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta shahara da hatsi da dabbobi, tana tara mutane daga Nijar da Sakkwato da Katsina har da 'yan kudu masu lodin shanu. A irin wannan kasuwa baƙo yana sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Sau da yawa fatoma da baƙonsa ba ƙabilarsu ɗaya ba, amma amanar takan wuce daga uba zuwa ɗa.

Na uku shi ne hanyar sasanci. Idan shanu suka yi ɓarna, mai unguwa da arɗo ke zuwa gonar tare, su kimanta asara, a biya, a yi musafaha. An san burtali, an san mashaya, wanda ya nome su ya san ya yi laifi. Na huɗu kuwa wasan barkwanci ne, irin na Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, ko Bakatsine da Banufe. Wannan al'ada ta ba mutane damar faɗa wa juna magana mai ɗaci cikin raha, ta kuma haramta fushi a tsakaninsu. Sai na biyar, auratayya da makarantar allo da sahun salla, inda ɗan sarki da ɗan ruga ke zama a buzu ɗaya.

Har fasaha ta shaida wannan. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da suka zama abin alfaharin duk mai jin Hausa, ba wanda ya tsaya tambayar asalin mawaƙin ko na ubangidansa. Kassu Zurmi ya yi wa mafarauta da 'yan tauri kiɗa, ƙungiyoyin da jarunta ce ke shigar da mutum cikinsu. Ba a rasa raini da kalmomin ɓatanci ba, Bafillace na da sunan da yake kiran manomi da shi, manomi ma na da nasa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma igiyoyin sun fi saɓanin ƙarfi.

Turawa da jirgin ƙasa

A watan Fabrairu na 1903 aka gwabza a Kwatarkwashi tsakanin sojojin Ingila da rundunar Kano, daga nan Turawa suka bi ta Ƙauran Namoda suka nufi Sakkwato, suka ci ta ranar 15 ga Maris. Mulkinsu ya taɓa dangantakar jama'a ta fuskoki da dama. Iyakar da suka shata da Faransa ta raba Gobirawa gida biyu, Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Ma'aikatansu masu ƙidayar haraji suka riƙa rubuta kowane mutum a ƙarƙashin ƙabila ɗaya tak, abin da a da yake sauyawa ya zama rubutacce. Suka keɓe gandun dajin Zamfara a gabashin Zurmi, suka bar 'yan ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle a tsakiyarsa.

A 1929 layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya a nan. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kanti, Kwarori suka zo, Yarbawa da Ibo da Nufawa suka zo aikin jirgi da kasuwanci, aka kafa Sabon Gari. A gaban waɗannan sababbin baƙi ne Bazamfare da Bagobiri da Bafillacen gida suka fara ganin kansu abu ɗaya, siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950 kuma ta ƙara musu sunan 'yan Arewa. Rikicin 1966 ya sa Ibo da yawa suka bar garuruwan Arewa, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da dama suka dawo suka buɗe shagunansu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983 ta ci gaba da tara 'ya'yan ƙabilu daga ko'ina cikin ƙasa.

Rayuwar Alhaji Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda ya rayu daga 1937 zuwa 2016, ta isa misali. Mahaifinsa daga Gashuwa ya fito, mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Ƙauran Namoda ce, sunan da duniya ta san shi da shi na Shinkafi ne, sarautarsa kuma ta Sakkwato. Da za a tilasta masa ya zaɓi suna ɗaya, da an yanke masa kashi uku cikin huɗu na tarihinsa.

Yadda bango ya tsage

Ruwa ba ya tsami banza. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi niyyar kare makiyaya, amma ba a riƙe ta da gaske ba. Farin 1973 da na 1984 sun turo mutane da dabbobi daga arewa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye burtali, noman rani ya killace fadamun da shanu ke sha. Takin zamani ya rage wa manomi buƙatar mashekari, shi kansa ya fara kiwon shanun huɗa, karan da yake bayarwa kyauta ya zama abin sayarwa. Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, aka ci gaba da yanka dazuzzukan kiwo ana raba wa masu hali. Shari'ar ɓarna ta tashi daga hannun mai unguwa da arɗo ta koma inda mai kuɗi ke da rinjaye, makiyayi ya riƙa sayar da saniya don ya fanshi kansa, manomi kuma ya riƙa ganin an saki wanda ya cinye masa gona. Kowannensu ya fita da ƙullin zuciya, kuma maimakon ya zargi mai hukunci, sai ya zargi maƙwabcinsa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wajen 2011 satar shanu ta zama sana'ar ƙungiyoyi masu bindiga, makamai kuma suka yawaita a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya. Waɗanda aka fara yi wa fashin shanu makiyaya ne. Da hukuma ta gaza, ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, wasu daga cikinsu suka shiga kashe duk Bafillacen da suka gani a kasuwa ko a hanya ba tare da bincike ba. 'Yan bindiga suka mayar da martani a kan ƙauyuka baki ɗaya. A watan Fabrairu na 2018 an kashe kimanin mutum 40 a Birane ta ƙasar Zurmi. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe fiye da mutum 6,000, an bar mata kusan 5,000 cikin takaba da marayu fiye da 25,000. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, har da irin ta Shinkafi da ta ciyar da zumunci shekaru aru-aru. Bello Turji, wanda sunansa ya zama abin tsoro, ɗan ƙasar Shinkafi ne, a nan ya tashi. Yakan kafa hujja da zaluncin da ya ce an yi wa danginsa, amma zaluncin da aka yi wa mutum ba ya halatta masa jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

Idan aka duba da idon basira, har a cikin wannan masifa layin bai miƙe yadda ake zato ba. Akwai Fulanin da aka kashe, aka kore musu shanu, saboda sun ƙi shiga daji. Akwai 'yan gari masu kai wa 'yan bindiga labari da man fetur da abinci. Dubban mutanen da suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji, dangi ne suka fara tarbarsu, dangin da iyakar Turawa ta raba su da su. Duniya ta ga inda irin wannan hanya ke kaiwa. A Ruwanda, takardun shaidar da Beljiyam ta raba a shekarun 1930 sun daskarar da Hutu da Tutsi, mutane masu harshe ɗaya, abin ya ƙare da kisan ƙare-dangi a 1994. A Darfur ta Sudan ma rikicin gona da kiwo ne ya rikiɗe ya zama yaƙin asali daga 2003.

Kammalawa

Tarihin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya koya mana abu uku. Na farko, iyakar da ke tsakanin "mu" da "su" ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba: jiya tsakanin Bazamfare da Bagobiri take, shekaranjiya tsakanin Gobir da Katsina, wata rana tsakanin Jama'a da sarakuna, wata rana tsakanin ɗan ƙasa da ɗan Sabon Gari. Na biyu, duk lokacin da amana ta karye, a kan abinci da ƙasa da adalci ta karye, kamar yadda aka gani a Alƙalawa da Sabon Gari da kuma burtalin da aka nome a zamaninmu. Sunan ƙabila daga baya yake zuwa ya rufe ainihin ciwon. Na uku, abin da ya warkar da tsohuwar gaba shi ne hulɗar yau da kullum, wato kasuwa da aure da makaranta da hukuncin da kowa ya yarda da shi.

Saboda haka maganin bindiga kaɗai ba zai wadatar ba, ko da yake dole ne hukuma ta kare rayuka ta kuma hukunta mai laifi da sunansa, ko ɗan bindiga ne ko ɗan sa-kai ko mai ba da labari. Wajibi ne a fitar da burtali da mashaya a shata su a gaban kowa, a mayar da mai unguwa da arɗo kan tabarma ɗaya, a kai makaranta da asibiti ruga kamar yadda ake kai su gari, a kuma tabbatar Bafillatana ta shigo kasuwa da ƙwaryar nononta ta koma gida lafiya, manomi ya je gonarsa ba tare da ya biya kuɗin fansa ba. Malamai da marubuta kuma nauyinsu ne su koya wa yara tarihin nan yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Kakarmu ta rasu ba ta koma Zurmi ba. Ƙanena yanzu ya girma, kuma na lura idan aka tambaye shi asalinsa yakan ɗan yi jim, sannan ya lissafo kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, Bagobira da Bafillace da Zamfarawa, ya ƙare da sunan garinsu. Akwai dubban yara irinsa a sansanonin gudun hijira da kuma rugagen da ke cikin daji, waɗanda ba su taɓa ganin manomi da makiyayi suna cin tuwo a akushi ɗaya ba. Abin da aka faɗa musu a yau game da su wane ne "mu" shi zai yanke irin zaman da za a yi a bakin Gagare da Bunsuru nan da shekara hamsin. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.